Abin da Sojan Ostiraliya Ya Roƙa

Faransanci ya fara guduna. Ba gaba ɗaya yake tafiya ba, kalma-kalma yake zubewa, kamar gero daga buhun da ɓera ya huda. Ran nan a kantin magani, nan Aubervilliers inda nake zaune, na tsaya gaban yarinyar da ke sayarwa ina son in gaya mata ƙwayar nan tana sa ni jiri. Na nemi jiri da harshensu na rasa. Na yi ta juya yatsa a gefen kai, mutane na jira a bayana, har ta gane da kanta. Lokotoro, wato likita, ya ce tun da jini ya ɗan tsaya mini a kai, haka abin kan yi wa wasu tsofaffi: harshen da aka koya da girma shi ke fara tafiya, wanda aka sha a nono shi ke saura. Yana faɗa yana murmushi kamar mai albishir. Ni kuwa ba albishir ba ne a wurina, domin a gidan da nake kwana ba mai jin harshen nonon nan. Matata Hajiya ta rasu. 'Ya'yana da jikokina Faransanci suka tashi da shi, kuma ni na so haka, don malamar lakwal, makarantar yaran, ta ce mana Hausar gida za ta rikita musu karatu, na kuwa karɓa da hannu biyu har ina yi wa uwarsu faɗa in ta saki baki. Ba mutuwa nake tsoro ba, ita kam ta zama dole. Tsorona shi ne ranar ta zo in roƙi wani abu, a tsaya a kaina ana kallon bakina.

Da can wa zai yi wannan tunani? Lokacin da na sauka ƙasar nan ina saurayi, a Saint-Fons kusa da Lyon, cikin gidan kwanan leburori, Hausa ce ke tashe ni, ita ke kwantar da ni. Tun kafin gari ya waye za ka ji ana jan silifa a baranda, gindin buta na bugun siminti, wani yana gyaran murya, wani yana tada ɗan ɗakinsu da zagin wasa. Mutanen Tawa suna tsokanarmu mu 'yan Damagaram, mutanen Garwa suna tsokanar kowa. Ran Lahadi wanki ne da aski da tuƙa tuwo a babbar tukunya, ana kaɗa busasshiyar kuɓewa da wani ya zo da ita daga gida, ana gardamar wanda ya cika gishiri. In ka yi atishawa a hawa na uku, daga ƙasa za a amsa maka. Gaisuwa kuwa sai ta kai ka makara wurin aiki. Yanzu an rushe gidan, an ce wurin ajiye motoci ne. Yaranmu na yau kowa da abin ji a kunne, gaisuwarsu kalma biyu ce, kuma rabinta ba tamu ba.

A wata masana'antar haɗa sinadarai na fara aiki. Warin wurin yana shiga tufa, ya shiga abinci, har a ɗanɗanon yawu kana jin sa. Can na kwaso tari, busasshe, mai fito a ƙarshe kamar an huda kaba ana busawa. Da ya ƙi sakina sai wani dattijo a gidanmu, Malam Isuhu mutumin Tawa, ya sama mini gurbi a ƙungiyarsu ta masu gyaran layin dogo, wai iska ta fi kyau a waje. Malam Isuhu yakan ce mana: "Ku ci ku ƙoshi, ku rufe ƙirji. Ƙasar nan ba ta harbi, shiga take yi ta hanci." Muna dariya, shi ba ya yi.

Aikin ya kai mu wani ƙauye arewa da Lyon, a bakin kogi. Muna cire tsofaffin katakan da ke ƙarƙashin ƙarfe muna sa sababbi, muna dakan tsakuwa, in mai tuta ya busa usur mu ja gefe jirgi ya wuce. Inda hanya ta ratsa layin akwai wani ɗan gida na masu tsaron shinge, wata tsohuwa ke ciki ita kaɗai, ana kiranta Madam Odil. Tana da famfon hannu a ƙofar wata rumfar katako, ta yarda muna cika butocinmu a nan. Famfon yana da kuka, sai ka danna sau da yawa yana shaƙuwa kafin ruwa ya zo. Gaba kaɗan akwai maƙabartar ƙauyen, a gefenta kuma wani yanki daban, fararen duwatsu a jere tsayinsu ɗaya, ciyawa an yanke ta kamar da reza. Mun san kaburburan sojojin babban yaƙi na farko ne, ba mu damu mu san fiye da haka ba.

Wata rana da azahar ina danna famfo tarin ya taso mini, na dafa rumfar har ya lafa. Da na ɗago sai na ga tsohuwar a bayana, fuskarta ta yi fari fat. Ta ce, da Faransanci, a hankali don in gane:

"Yaro, tun yaushe kake wannan tari?"

Na ce ya ɗan jima, Madam, ba komai.

"Sau ɗaya na taɓa jin irinsa," ta ce. "A cikin rumfar nan da kake dafe da ita. Zo in nuna maka mai shi."

Na bi ta, ba don ina so ba. Ta kai ni gaban wani dutse a ƙarshen layi, an zana masa abu kamar rana tana fitowa, da gwangwanin furanni a gindinsa. Sunan ban iya karanta shi ba, amma lambar shekarunsa na karanta, sai na ga ni da shi kusan sa'a ne. Ta ce mutumin Ostiraliya ne. Na ce ai nan kusa da Jamus. Ta ce a'a, wata ƙasa ce a ƙarshen duniya, sai jirgin ruwa ya yi makonni yana tafiya, in rana ta take a nan su can dare ne.

A tsaye ta ba ni labarin. Tana ƙaramar yarinya, ubanta yana bakin daga, uwarta ke riƙe da shingen. Jiragen soja suna tahowa daga kudu, daga bakin teku, cike da mutane za a kai su arewa. Wata rana da zafi wani jirgi ya tsaya daidai gidansu yana jiran a ba shi hanya. Sai wasu dogayen sojoji masu hular malafa, an naɗe mata gefe ɗaya, suka sauko da ɗan uwansu ranga-ranga, saboda numfashi ya gagare shi a cikin tarago. Suka shimfiɗe shi a inuwar rumfa. Jirgi ya yi kuka, aka tilasta musu komawa. Uwarta ta ruga tasha kiran masu magani, ta ce mata: ki tsaya a ƙofa ki duba shi, kada ki matsa, kada ki taɓa shi, ciwon nan yana kama mutane. Tsohuwar ta ce gashinsa ja ne, fuskarsa rana ta ƙona ta, leɓensa ya tsage. Bai taɓa ganin yaƙin da ya zo dominsa ba. Yana tari, in ya samu sarari sai ya dube ta ya faɗi kalma ɗaya. Ta tura masa hularsa da sandar tsintsiya, ya girgiza kai. Ta tura masa jakarsa, ya girgiza kai. Ta ciro ɗan gicciyen wuyanta ta nuna masa daga nesa, ya rufe ido. Kafin uwarta ta dawo ya yi shiru.

"Na tambayi Italiyawan da suka yi aiki a layin nan," in ji ta, "na tambayi mutanen Fotugal, na tambayi Larabawa. Ba wanda ya san kalmar nan. Ko a yarenku tana da ma'ana?"

Sai ta gyara baki ta faɗe ta yadda ta riƙe ta tun tana yarinya: "Wata."

Na zuba mata ido. Bahaushiyar kalma ce tsaf ta fito daga bakin tsohuwar Baturiya, a gaban kabarin mutumin da bai taɓa taka ƙasarmu ba. Na nuna sama, na ce mata da harshensu, watan da ke fitowa da dare ke nan. Ta ɗaga kai tana kallon sama da rana tsaka. Can ta ce: "Lalle. A lokacin nan a garinsu dare ne. Wata yana kan gidan uwarsa." Ta kama hannuna da nata biyu, masu sanyi, ta yi ta godiya, hawaye na bin tamojin fuskarta. Washegari ta aiko mini da kwalbar zuma saboda tari.

Abin da ban gaya mata ba shi ne ɗaya ma'anar. Wata ai shi ne kuma abin da ake ƙirga kwanaki da shi. Mutum sa'ana, baƙo kamata, mai tari irin nawa, ya mutu a rumfar da na dafa, ya bar kalma ɗaya da ba wanda ya gane ta duk tsawon shekarun nan sai ni. To wa aka bar wa saƙon? A motar komawa gida na yi ta juya maganar. Na ɗauka an gaya mini wa'adina, wata ɗaya.

Na sami Malam Isuhu yana ɗinke safar hannunsa, na zayyana masa. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Kai Badamagare, yaushe Baturen Ostiraliya ya yi zaman Tawa har ya iya Hausa?"

Na ce, Malam, an ce mai gargara ana buɗe masa abin da bai sani ba.

"To in Hausar ce, wa ya ce maka watan sama yake nufi? Wata yake kira. Wata jar yarinya da ya baro a garinsu. Ku samari ko a bakin kabari tunaninku ke nan."

'Yan ɗakin suka kwashe da dariya, aka yi kwanaki ana ce mini angon wata. Amma da ya ga na daina cin abinci sai ya bar wasa. Ya ce ajali ba a aika shi ta hannun tsohuwa, in yi istigfari. Na yi, tsoron bai tafi ba.

Ban taɓa kallon wata kamar na wancan lokaci ba. Jinjiri ne sa'ad da ta gaya mini. Kullum in mun fito sallar magariba sai in leƙa tsakanin bututun hayaƙin masana'antu in ga ya ƙara ƙiba, ni kuwa ina ramewa. Da ya cika sai na ji kamar na kai tsakiyar kogi. Da ya fara zaizayewa na bi ɗaki-ɗaki ina neman gafara, har wurin wanda ban taɓa yi wa komai ba. Na ba wani ɗan Garwa babbar rigata ta sanyi. Na tambayi Malam Isuhu wa ke wankan gawa a Lyon, kuma ta ina ake gane gabas a maƙabartarsu. Duk tarin da na yi sai na duba tafin hannuna. A wurin aiki na daina zuwa famfo, sai in ba wani butata ya ciko mini, don ko kukan famfon ba na son ji daga nesa. Tsohuwar takan ɗaga mini hannu daga taga, in yi kamar ban gani ba. Ita tana ganina a matsayin wanda ya sauke mata kaya, ni ina ganinta a matsayin manzon mutuwa.

Watan ya ɓace, wani ya tsaya, ina nan da raina. Malam Isuhu ya ja ni da ƙarfi zuwa asibiti, aka ɗauki hoton ƙirji, aka ce hayaƙi ne ya ƙona mini hanyar iska, zai lafa in na nisanci masana'anta. Ya kuwa lafa. Ɗan Garwa ya ƙi maido mini da rigata, ya ce kyautar mamaci ba a karɓe ta. Aikinmu ya ƙare a ƙauyen, muka yi gaba, ban yi wa Madam Odil sallama ba.

Shekaru suka wuce. Na koma Paris, na yi aure, na shiga harkar kaya, ina ɗauko atamfa da takalma daga rumbunan Aubervilliers ina kai wa masu shaguna a Château Rouge. Wata rana da zafi ina zaune a shagon wani Alhaji Bakano, mutum mai yawan raha wanda ya yi boko a Najeriya. Ya leƙa waje ya kira wani ɗan Gana mai tallar abin sha a bokitin ƙanƙara, ya ce masa da Ingilishi, "Wata." Yaron ya miƙo masa gorar ruwa.

Na ce: Alhaji, me ka ce masa?

"Ruwa mana. Ku mutanen Faransa sai ku ce o, kamar an taka muku ƙafa."

Na ce: mutanen Ostiraliya wane harshe suke yi?

"Ingilishi, amma ta hanci. Lafiya, Malam? Ka ga yadda fuskarka ta koma kuwa?"

Ya miƙo mini gorar, na kasa karɓa. Abin da nake gani shi ne rumfar nan, da famfon da ke bakin ƙofarta, da yarinya tsaye tsakaninsu riƙe da sandar tsintsiya. Yana jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar gindin famfon, wataƙila ma yana ganin ɗigonsa. Ya ƙetare teku, ya baro uwarsa, ba harsashi ba igwa, ya ƙare yana roƙon abin da ko maƙiyi ba a hana wa, a gaban wadda da ta gane da gudu za ta kawo. Ni kuma saboda son kaina na mai da roƙonsa saƙo zuwa gare ni, na yi wata guda ina makokin kaina, ko sau ɗaya ban ce wannan bawan Allah me ya dame shi ba.

Ban koma na gaya mata ba. Na ce wa kaina ta tsufa, wataƙila ma ta rasu, kuma me gaskiyar za ta ƙara mata ban da ƙuna. Sai da na manyanta wani abu ya faɗo mini. Turawan Ingila suna zuwa maƙabartar nan, mu kanmu mun sha ganin motocinsu, suna ajiye furanni su tafi. Suna wucewa ta ƙofar gidanta. Italiyawa ta tambaya, da Larabawa, da ni. Duk wanda zai iya sanin amsar ta bar shi ya wuce.

Kwanan baya, bayan maganar lokotoro, na ce bari in gwada gidana. Ina zaune a falo da la'asar, jikata tana gefe tana karatun jami'arta a kan na'ura. Ita ce nake tsokana da matata. Ban nuna komai ba, ban kalli kicin ba, na ce mata kawai: "Ruwa."

Ta cire abin kunnenta. Da yake a Faransanci kalmar sarki kusan haka ake furta ta, sai ta ce: "Wane sarki kuma, Kaka? Ka fara mafarkin sarauta ne? In ka samu ni ce gimbiya, ka sani."

Na yi dariya don kada ta gane. Sai ga uwarta ta fito daga kicin da kofi cike, ta ajiye a gabana. Ita ce ɗiyata ta fari, wadda ko sunanta ba na faɗa, tunda na mahaifiyata ne. Ta kori yarinyar ɗaki, ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, abin da ba ta saba yi ba. Ita ta raka ni wurin lokotoro, ta ji abin da ya ce.

"Baba, wannan na san ta," ta ce da Faransanci. "Mama tana faɗinta in ba ka nan. Sai wacce kuma? Faɗa mini waɗanda za ka bukata, zan riƙe."

Na rasa ta inda zan fara. Wa ya san abin da bakinsa zai nema a ranar? Na koya mata sanyi. Na koya mata zafi, da juya ni, da gabas. Tana maimaitawa da karyayyen harshe, tana ɗaga murya inda ake saukewa, ina gyara mata, kamar yadda ya kamata in yi tun tana rarrafe. Sai na ji bakina ya ce: "Kar ki tafi."

Ta maimaita sau biyu har ta daidaita. Ta ce: "Me take nufi?"

Na dube ta. Mace mai furfura a gefen kai, ɗiyar fari, wadda ban taɓa riƙe hannunta a gaban mutane ba. Kunya ta kama ni. Uba ba ya faɗa wa ɗiyarsa ta fari wannan da harshen da za ta ji. Na ce mata, tana nufin rufe ƙofa.

Ta tashi ta rufe ƙofar falon, ta dawo ta zauna, tana jiran kalma ta gaba.

Kullum in na idar da sallar asuba sai in ce yau zan gyara mata, in gaya mata ainihin ma'anar tun Faransancin da zan faɗa da shi bai gudu ba. Har yau ban iya ba. Ran nan daga ciki ta rufe ƙofar. Ban san ta wane gefe za ta tsaya a waccan ranar ba.